Ɗaki Biyu da Kabad

Akwai mutumin da in ka ce masa wuta ta kama rigarsa, zai ce ai ya riga ka sani, shi ya kunna ta don ya ji ɗumi. Irinsa ne mai gyaran rediyon nan na ƙarshen layi, wanda duk unguwa ba a san shi da wani suna ba sai Na-Riga-Ka. Shekara ashirin yana buɗe cikin rediyon mutane, kuma duk wanda ya rufe sai an ga ƙusa biyu ko uku sun yi saura a kan tebur. In mai rediyo ya tambaya, sai ya murza gashin baki ya ce masu ƙerawa ne suka yi almubazzaranci.

Gidan da yake ciki ba laifi. Ɗaki biyar ne, da dogon lungu mai rufi da ya ratsa tsakiya, banɗaki da famfo suna can ƙurya. Ɗakin farko nasa ne, na biyu na matarsa da yara, na uku na tsohuwa mahaifiyarsa, na huɗu an ba wani mai gadin dare haya, na biyar na tarkace. Ciwon gidan ɗaya ne, rufin ɗakin tsohuwa. Kwanon ya ci tsatsa har rana na leƙo ta ta wuri bakwai. Damina uku ta yi tana jan gado daga wannan kusurwa zuwa waccan, tana jera robobi kamar mai tallarsu. Shi ya sa matarsa ta yi wata takwas tana kitso tana jefa abin da ta samu a gwangwanin madara, tsohuwa ta sayar da 'yan kunnenta ta cike. An riga an yi magana da kafinta, zai zo ƙarshen wata ya rufe ɗakin kafin ruwa ya sauka.

Wata safiya Na-Riga-Ka yana zaune a kujerar mai aski, an aske masa rabin kai, sai ga motar hukumar birni da lasifika a bisa. Ta tsaya a bakin layi ta fara sanarwa cewa za a bi gida-gida a ƙiyasta harajin kowane gida, da kuɗin za a yashe magudanan ruwa, a kwashe shara, a gyara fitilun titi. Mai aski ya kashe injinsa ya miƙa kunne.

"Me ka tsaya ji?" in ji Na-Riga-Ka. "Ƙarasa mini askina. Duk abin da za su faɗa yana nan a cikin kaina."

"Bawan Allah, yi mana shiru mu ji. Ni ma gida gare ni."

"Ɗaki suke ƙirgawa. Ƙofa ɗaya, haraji ɗaya. Mai ɗaki biyar ya biya biyar, mai biyu ya biya biyu. Ni da na gyara wa direban babban ofishin nan rediyon mota, ni za a kunna wa lasifika?"

"Motar da aka ce ta kama da wuta?"

"Wannan laifin batir ne."

Ya ci gaba da zuba, yadda direban ya riƙe masa hannu, yadda ya ce da shi Malam kai kaɗai ka gane ƙasar nan, har motar ta gama sanarwarta ta tada ƙura ta wuce. Ba wanda ya ji ko kalma ɗaya bayan fitilun titi.

"To ka gani," in ji mai aski. "Ka cinye mana sanarwa."

Na-Riga-Ka ya miƙe, ya kaɗe gashi daga kafaɗa, ya dubi mutanen da ke jere a benci. "Ku shaida. Gidana ɗaki biyar ne, amma harajin biyu zan biya. Kuma ma'aikacinsu da hannunsa zai rubuta, yana yi mini godiya."

"Sauran ukun aljihu za ka sa su?"

"Za ka gani. Kai dai riƙe almakashi, ka bar wa masu kai aikin kai."

Kafin azahar kurar 'yan dako ta tsaya a ƙofar gidan da bulo, wata ta biyo ta da yashi da siminti buhu uku. Tsohuwa tana zaune a kan 'yar kujerarta a bakin lungu tana tsince shinkafa. Ta ɗago ta dube shi.

"Kai, zo nan ka ji abin da motar nan ta ce game da tsofaffi."

"Inna, na riga ki ji. A gabana ta tsaya."

Ta tsuke baki ta koma kan shinkafarta. Wanda ya haifi irin wannan ya san cewa maganar da aka zuba masa daidai take da ruwan da aka zuba a kwando.

Ya kirawo magini ya nuna masa lungun: yana son katanga daga ƙasa har rufi, daidai bayan ɗaki na biyu, a shafe ta a yi mata fenti, duk wanda ya shigo ya ɗauka nan gidan ya ƙare. Magini ya duba, ya faɗi kuɗin aikinsa, ya ce kuma siminti buhu ukun nan da kyar ya isa.

"Buhu uku? A 'yar katangar nan? Ku magina dai ɓarayin siminti ne."

"To Malam, ka gina da yawu."

"Da hannuna zan gina. Gini mene ne? Rediyo ne da ba shi da waya."

Magini ya ɗauki cokalinsa na gini ya yi gaba, yana cewa Allah ya kawo ranar da za a kira shi kwasar baraguzai. Na-Riga-Ka ya mayar da buhu biyu ya karɓi kuɗinsu, ya sayo fenti da agogon bango mai tsuntsu, don katangar ta yi kama da wadda ta daɗe a wurin.

Yana cikin kwaɓa ƙasa, yashi goma siminti ɗaya, matarsa ta dawo daga gidan da ta je kitso. Ta dubi bulo, ta dubi fenti, ta shige ɗaki. Jim kaɗan ta fito da gwangwanin madara a hannu tana girgiza shi. Ko ƙara babu.

"Baban yara, ina kuɗin kwano?"

"Aro na yi wa gwangwani."

"Aro? Wata takwas ina kan mutane, har yatsuna sun daina miƙewa!"

"Ke ba ki san lissafin manya ba. Abin da zan kuɓutar daga bakin haraji zai rufe ɗakin Inna har da silin, har da fanka."

"Har da 'yan kunnena?" in ji tsohuwa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Har da sarƙa, Inna."

Aka fito da gadon tsohuwa aka cusa a ɗakin matar da yara, inda dama in mutum ya juya sai ya nemi gafarar na kusa da shi. Shi kuwa ya kama jera bulo, ba igiya ba ma'auni, yana rufe ido ɗaya yana cewa idonsa ya fi na magini daidai. Katanga ta kai gwiwa, ta kai ƙugu, ta kai ƙirji. A nan tsohuwa ta ajiye faranti ta ɗauki butarta ta zo ta tsaya a bayansa.

"Ba ni hanya."

"Ina za ki, Inna?"

"Inda sarki ke zuwa da ƙafarsa. Ko gwamnatin ce ta ce ka toshe mini banɗaki?"

Ya tsaya da cokali a hannu, ƙasa tana zuba masa a kan ƙafa. Ya dubi katanga, ya leƙa ta bisa ya hango ƙofar banɗaki da famfo suna kallonsa daga can. Sai ya yi tari.

"Ai na riga ki tunawa. Wannan yana cikin tsari."

Tsarin shi ne ya cire bulo shida daga ƙasa ya bar rami, sannan ya jawo babban kabad ɗin kayan matarsa, ya ɓalle masa baya, ya jingina shi a bakin ramin. Mai son banɗaki sai ya buɗe kabad, ya ture zannuwa gefe, ya durƙusa ya yi rarrafe. Yara suka yi ta tsalle don murna. Matarsa ta riƙe baki. Tsohuwa ta dubi kabad ɗin daga sama har ƙasa.

"Na shigo gidan nan a tsaye, a kwance za a fitar da ni. Amma rarrafe, wanda na yi a gidan ubana ya ishe ni."

Ta gyara mayafi, ta riƙe buta a gaba kamar mai zuwa karɓar kyauta, ta fita ta bi tsakiyar titi zuwa gidan mai aski.

Ya ƙarasa katangar har rufi, ya shafe, ya yi fenti a kan ɗanyen shafe, ya rataya agogo. Yana tsaye yana sha'awar aikinsa da la'asar sakaliya, sai aka fara dukan katangar daga ciki.

"Jama'a! Akwai mai rai a nan? Ko na mutu ne ban sani ba?"

Mai gadi ne. Shi dama da rana yake barcinsa, kuma barcin mai gadi ko ganga aka buga ba ya ji, shi ya sa ma ake yawan canza masa wurin aiki. Ya farka zai tafi aiki, ya tarar duniya ta ƙare a ƙofar ɗakinsa.

"Daina dukan mini gini!" in ji Na-Riga-Ka. "Duba ƙasa, akwai hanya."

Aka ji motsi, aka ji ƙarar kai ya gamu da katako, sannan kabad ya buɗe, mai gadi ya fito da ɗankwalin matar gida a rataye a kunne.

"Mai gida, ni ɗaki na kama, ba rami ba. In gafiya kake nema, ka rage mini kuɗin haya."

"Kwana ɗaya ne kawai. Gobe masu haraji za su zo, jibi mu rushe."

Gobe ta zo, masu haraji ba su zo ba. Jibi ma haka. Ashe daga ɗaya ƙarshen unguwar suka fara, kuma ma'aikacin gwamnati ba ya gudu sai ranar albashi.

Asirin da ya ce ko ƙuda ba zai ji ba kuwa, tsohuwa ce ta raba shi gida-gida ba tare da ta yi gulma ba. Sau huɗu a rana take ratsa layi da buta. Duk wanda ya gaishe ta ya ce Inna lafiya, sai ta tsaya ta ce, "Lafiya lau. Ɗana ne ya ɓoye banɗaki kada gwamnati ta gani." Kafin kwana uku matan da suka yi kitso shekaranjiya sun dawo a tsefe musu a sake, don kawai su ga kabad. Wata ma har ta roƙi a bar ta ta shiga, ta fito tana share hawayen dariya da bakin mayafi.

Ruwa kuma sai ta cikin kabad ɗin. Matar gida ta tura bokiti a gaba, ta bi shi da gwiwa, ta jawo shi a cike, rabi ya zube a gindin katanga. Safe da yamma haka. Fentin ƙasa ya fara kumbura yana ɓarewa kamar fatar albasa.

"Baban yara, katangarka tana gumi."

"Siminti ruwa yake so. Kina ƙara mata ƙarfi ne ba ki sani ba."

Shi kansa ya rufe rumfar gyaransa, kada su zo ba ya nan. Ya zaro wata tsohuwar riga mai yagaggen aljihu ya sa, ya shafa wa bangon waje taɓo don gidan ya yi kama da na matalauci, ya kafa kujera a ƙofa yana gadin hanya. Mai aski in ya leƙo daga shagonsa sai ya ɗaga masa hannu.

"Mai ɗaki biyu! Yaya gwiwa?"

"Ka yi dariyarka. Ranar da aka kawo maka takardar ɗaki huɗu, ni za ka zo nema."

"In na zo ta ƙofa zan shigo ko ta kabad?"

Rana ta bakwai kafinta ya iso da tsani a kafaɗa, kamar yadda aka yi alkawari. Ya tambayi kwano, aka ce babu. Ya tambayi ɗakin da za a rufe, aka nuna masa kabad. Ya dubi sama, inda gajimare ya fara taruwa baƙi ƙirin ta gabas, ya ce shi yana da gidaje tara a layi, wanda ya rasa ranarsa sai bayan damina. Ya juya da tsaninsa. Tsohuwa ta bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ta juyo da idon kan ɗanta. Shi kuwa ya sami wani abu mai muhimmanci a farcensa yana dubawa.

Rana ta goma da hantsi aka ce ga ta nan. Wata matashiya ce da lema, da babban littafi a hammata, da tef ɗin awo a hannu. Kafin ta iso ƙofar, layin ya cika: masu jiran aski da rabin kai, matan kitso, magini da ya bar aikinsa ya zo ya sami wuri mai kyau ya tsaya. Na-Riga-Ka ya ƙara yaga aljihun rigarsa, ya langaɓe kai, ya sa murya irin ta wanda bai karya ba tun jiya.

"Sannu da zuwa, ranki ya daɗe. Ga ɗan akurkin namu, haka Allah ya bar mu."

"Sannu Baba." Ta miƙa wa mai aski bakin tef. "Malam, don Allah riƙe mini nan."

Ta ja tef daga wannan kusurwar gidan zuwa waccan, ta rubuta. Ta zagaya ta gefe, ta ja har ƙarshen bango, ta rubuta. Ta ƙwanƙwasa bangon da biro, ta kankare taɓon da ya shafa ta ga bulo a ƙasa, ta rubuta. Ta naɗe tef ɗinta.

"To Baba, na gama awo. Saura tambaya biyu."

"Kin gama me? Ai ba ki shiga ba."

"Ba ma shiga. Tsawo da faɗin gini muke aunawa, mu duba da me aka yi shi, sai mu tambaya ko ana haya ko kasuwanci a ciki. Yawan ɗaki ba ruwanmu da shi."

Mutanen layin suka juyo suka dubi Na-Riga-Ka. Sai magini ya fara dariya, mai aski ya karɓa, mata suka ɗauka, har wata ta zauna a ƙasa. Mai hankali a nan zai ce Allah ya ba da sa'a ya shige gida ya rufe ƙofa. Amma wanda ya yi kwana goma yana rarrafe ba ya yarda a ce masa a banza ya yi.

"Yarinya, ke sabuwa ce a aikin nan. Ni na san dokar tun kafin a yaye ki. Wallahi sai kin shiga kin ƙirga!"

"Baba, ina da gida talatin a gabana."

"Su jira. Ba za a yi mini ha'inci a ƙofar gidana ba."

Ta dubi jama'a, jama'a suka ce don Allah ta shiga, ta taimake su. Ta rufe lemarta ta bi shi, layin gaba ɗaya ya biyo baya, na gaba a lungu, na baya a kan yatsun ƙafa. Tsohuwa tana kan kujerarta a ƙofar ɗaki na biyu, hannu a kan gwiwa, ba ta motsa ba.

"Ƙirga da bakinki," in ji shi. "Ɗaya. Biyu. Ga bango, ga agogo, ga kabad. Gida ya ƙare."

Ma'aikaciyar ta dubi littafinta, ta dubi katanga. "Baba, daga waje gidan nan taku ashirin da biyu ne. Daga ciki ban ga ya kai tara ba. Ina sauran?"

"Kaurin bango ne. Ginin mutanen da ne, ba irin na magina na yanzu ba."

"Kauri taku goma sha uku?"

"Mahaifina mutum ne mai tsoron ɓarayi."

Bai rufe baki ba kabad ya yi ƙara. Ƙofarsa ta buɗe a hankali, kan mai gadi ya leƙo daga tsakanin zannuwa, da tawul a wuya, da buroshi a baki. Hayaniya ce ta tashe shi, abin da bai taɓa faruwa ba a wurin aikinsa. Ya dubi taron, ya cire buroshi.

"Salamu alaikum. Rasuwa aka yi?"

Ma'aikaciyar ta ja da baya. "Baba, wane ne wannan?"

"Ƙanena ne. Sanyi yake ji, shi ya sa yake kwana a cikin kaya."

"Ƙanenka a ina?" in ji mai gadi. "'Yar'uwa, in daga hukuma kike, rubuta. Ni ɗan haya ne, shekarata biyu, ban taɓa fashin wata ba, kuma kwana goma ke nan ina fita aiki kamar ɓera."

"Haya," in ji ta, biro yana tafiya. "Dama ita ce tambayata ta farko."

"Koma ciki!" in ji Na-Riga-Ka. Ya duƙa ya afka cikin kabad da kai, yana tura mai gadi baya, mai gadi yana turowa gaba. Ramin da aka yi don mutum ɗaya ya karɓi kafaɗu huɗu, ya riƙe. Ba shiga ba fita. Daga waje ba a ganin komai sai ƙafafun mai gida suna harbin iska, takalmi ɗaya ya fice ya bugi agogo, tsuntsun ya leƙo ya yi kuka sau uku.

"Ku ja ni! Numfashina!"

"A'a, ku tura shi!" in ji mai gadi daga ciki.

Mai aski ya naɗe hannun riga ya kama ƙafa ɗaya, wani mai rabin aski ya kama ɗaya, aka yi layi kowa ya riƙe ƙugun na gabansa. Magini kaɗai ya ja baya, ya janye ma'aikaciyar da tsohuwa zuwa cikin ɗaki, don shi ya san abin da yashi goma siminti ɗaya ke yi bayan kwana goma yana shan ruwan bokiti.

"Ɗaya, biyu, uku!"

Suka fito gaba ɗaya: mai gida, mai gadi, kabad, da katangar. Ba ta ma yi ƙarar kirki ba, zubewa ta yi kamar tsohon biskit. Ƙura ta turnuƙe lungun, aka yi ta tari. Da ta lafa, ga ƙofofi uku a jere suna kallon jama'a, ga banɗaki, ga famfo yana ɗiga abinsa. Na-Riga-Ka yana zaune a tsakiyar baraguzai, fari fat har gashin baki, zanen matarsa a kafaɗa, agogo a cinya.

"Malam," in ji magini, "kuɗin kwasa daban ne."

A nan tsohuwa ta fito daga ɗaki. Ba ta dubi ɗanta ba. Ta sa a kaɗe mata kujera, ta zauna, ta yafito ma'aikaciyar da hannu.

"'Yar nan, kin gama da wancan? To zo ki yi magana da mai gida."

Ta kwance bakin zaninta ta fito da ɗan makulli, ta sa surukarta ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Daga ciki ta zaro wata takarda a naɗe cikin leda uku.

"Ni ban yi boko ba, amma na san wadda marigayi ya ce in riƙe ko wuta ta tashi. Karanta ki ga sunan wa ke ciki."

Ma'aikaciyar ta warware ta karanta. "Kaka, ashe gidan naki ne. Shekarunki nawa?"

"Ban ƙirga ba. Amma wancan mai farin gashin bakin ya haura hamsin, kuma ba shi ne na fari ba."

"To ai ke an ɗauke miki. Tsohon da ke zaune a gidansa na kansa ba ya biya, sai dai ɗan abin da ya hau kan ɗakin haya, shi ma bai taka kara ya karya ba. Motarmu ta faɗa a kowane layi."

"Ta faɗa," in ji tsohuwa. "Ta taga na ji ta."

"Mu ba mu ji ba," in ji mai aski, "lokacin ana ba mu labarin direba."

Na-Riga-Ka ya tofar da yashi. "Inna, kin sani? Me ya hana ki gaya mini?"

"Na kira ka, kana sauke bulo. Me ka ce da ni?"

Ya shiga kaɗe ƙurar gashin bakinsa. Layin ne ya amsa masa, baki ɗaya, maza da mata, har mai gadi da buroshinsa: "Na riga ki ji!"

Ma'aikaciyar ta sa tsohuwa ta dangwala yatsa a littafi, ta durƙusa ta yi mata sallama, ta tsallake baraguzai ta fita. Tana buɗe lema a ƙofa aka yi tsawa, iska ta kaɗo ƙamshin ƙasa, ɗigon farko ya buga kwano. Mutane suka fara neman takalmansu.

"Kada kowa ya tafi," in ji tsohuwa. "Mai aski, kai da mai gadi ku kama gadona. Ɗakin farko za ku kai shi, kusa da taga. Katifar da ke ciki ku fito da ita ku kai ɗakina na da."

"Inna, ai wannan ɗakina ne."

"Yanzu aka karanta takarda a gabanka. Gobe ka buɗe rumfarka. Bulon da bai fashe ba ka kankare ka sayar, agogon nan ma ka sayar, duk abin da ya shigo ka miƙa wa matarka ta sa a gwangwani. Ranar da sabon kwano ya hau ɗakin can, ranar za mu yi maganar ɗakinka."

Aka wuce da gado ta gabansa, aka dawo da katifarsa ta bayansa. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Tsohuwa ta tattaro robobinta guda bakwai, ta ɗora masa a hannu ɗaya bayan ɗaya.

"Babbar ta wajen ƙofa ce. Mai tsaguwa ta bayan taga. Shuɗiyar kuma ka ɗora a kan cikinka in za ka kwanta, don wurin nan duk inda ka ja katifa sai ya same ka."

Ya buɗe baki, gashin bakin ya motsa. "Ai na ri..."

Ta dube shi. Ya haɗiye sauran.

"A wannan kam," in ji ta, "ni na riga ka, da damina uku."

Ta shige ɗakin farko ta turo ƙofa.